Dagwalon Masana'antu a Murhun Siminti

Ranar da na fara tsayawa kusa da duron dagwalon da aka kawo daga masana'antar fenti, warinsa kaɗai ya sa na ja da baya. Ma'aikacin da ke kula da shi, sanye da takunkumi da safar hannu, ya zura dogon bututun gilashi har ƙasan duron kafin ya ɗebo samfur, domin abin da ya kwanta a ƙasa ba lalle ne ya yi kama da na sama ba. Tun daga lokacin na fahimci cewa wannan ɗiba ita ce ƙashin bayan aikin ƙona dagwalo a murhun siminti gaba ɗaya.

Ragowar tina (ruwan tsinka fenti) da baƙin mai da lakar tankunan matatar mai duk suna cin wuta, shi ya sa ake tace su, a gauraya masu kaurin da garin katako, sannan a kai su murhun siminti su maye gurbin wani kaso na kwal. A cikin murhun, farar ƙasa da sauran kayan haɗi kan kai zafin digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas, harshen wutar kuwa ya kusa 2,000, wanda hakan ke wargaza yawancin sinadarai masu guba, tokar kuma ta shige cikin simintin maimakon a binne ta. Ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Basel ta 1989 kan shara mai guba sun amince da ƙa'idojin wannan aiki a 2011.

Sai dai wuta ba ta hallaka komai, kuma wannan ne ke damuna ƙwarai. Zaiba ba ta ƙonewa, turiri take zama ta bi hayaƙi idan ba a tare ta ba. Sinadarin kulorin idan ya yi yawa a cikin dagwalon yakan daskare a jikin murhun ya toshe shi, kuma idan hayaƙin bai huce da sauri ba, ana iya samun dayokzin, gubar da ke taruwa a jikin mutum shekara da shekaru. Batura da abubuwan fashewa da sharar nukiliya kuwa haramun ne su kusanci murhun.

Saboda haka duk kamfanin da ya ce yana mayar da guba makamashi, abin da nake fara tambaya shi ne wane ne ke gwada kowane duro kafin a karɓa, kuma wane ne daga waje ke auna hayaƙin da maƙwabta ke shaƙa.