Maɓallin da ba ya amsa sallama

Kawuna yana da shagon atamfa da shadda a kasuwar Wunti a nan Bauchi, kuma ni na gina masa shafin intanet ɗin da mutanen Azare, Misau har da Gombe ke yin oda a kai. Lokacin ban daɗe da koyon aikin ba, hannu na ƙaiƙayi. Duk abin da na iya sai da na zuba: hotuna suna shigowa a guje daga gefe, sunan shago yana walƙiya, turmin atamfa yana juyawa kamar fanka.

Sati biyu da buɗewa Kawu ya kira ni. "Kai ɗan nan, zo ka ga aikinka. Wata baiwar Allah daga Azare ta yi odar turmi uku iri ɗaya, na ɗaure na kai tasha, yanzu ta ce ita ɗaya ta saya."

Na je na karɓi wayar yaron shago, wata Itel mai tsagaggen gilashi, na tsaya bakin ƙofa cikin rana na danna "Saya". Shiru. Maɓallin ko gezau bai yi ba. Na sake dannawa, na kuma. Kafin in ankara ni ma na yi odar uku. Saƙon yana tafiya, sabis ne ke jan ƙafa, amma babu abin da ya nuna mini an ji ni. Wanda ya yi sallama a zaure ba a amsa ba ai dole ya maimaita.

Daga baya na ci karo da ma'aunin da Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe yana faɗa: amsar da ta zo cikin daƙiƙa 0.1 mutum yana jin ta nan take, zuwa daƙiƙa 1 tunaninsa bai katse ba tukuna, idan ta wuce daƙiƙa 10 hankalinsa ya bar wurin. Sabis ɗin kasuwa ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shi ne wannan daƙiƙa 0.1 ta farko.

Na share duk ƙyale-ƙyalen, waɗanda dama datar mutane kawai suke sha. Yanzu da yatsa ya taɓa maɓallin sai launinsa ya ɗan yi duhu, ya ɗan lotsa ciki, rubutun ya koma "Ana aikawa…" da ƙaramin zobe yana zagaye, kuma ba ya karɓar danni na biyu sai na farko ya isa. Layukan CSS kaɗan ne da ɗan JavaScript, wato harsunan da ake tsara kamannin shafi da aikinsa da su. Saurin canjin ma sai da na yi ta gwaji. A rabin daƙiƙa shafin ya zama kamar mai jin barci, a 0.2 ya zauna daidai, ido ya gani amma bai jira ba.

Sauran gyaran ƙanana ne. Wurin da hoto bai gama saukowa ba na sa murabba'i mai ruwan toka daidai girmansa, don kada shafi ya yi tsalle mutum ya danna abin da bai nufa ba. Lambar waya idan ba ta cika 11 ba, gefen akwatin ya yi ja, da rubutu a ƙasa yana faɗin abin da ya rage, domin ba kowa ke bambance launi ba. Rubutun farashi mai ruwan toka da nake taƙama da shi kuwa, a hasken ranar Bauchi ɓacewa yake yi ɗungum. Na mayar da shi baƙi. Canjin launi idan an ɗora linzamin kwamfuta a kan hoto, wanda na ɓata kwana biyu a kansa, na gano ba shi da amfani ga mai waya, tunda yatsa ba linzami ba ne.

Odar ninki ta tsaya, amma Kawu bai ji daɗi ba. "To ina atamfar nan mai juyawa? Ita nake nuna wa maƙwabta." Na ce masa, "Kawu, ita ce ke sa wayoyin mutane sanƙarewa." Bai gamsu ba. Daga ƙarshe na ajiye masa ita a wani shafi daban wanda shi kaɗai ke da adireshinsa, kuma har yau idan kasuwa ta yi sanyi yakan buɗe ta ya miƙa wa mai shagon kusa da shi.