Val Thorens ko Tignes: yadda kilomita 600 suka ruɗe ni

Shekara bakwai ina zaune a Liyon, a ƙasar Faransa. Idan gari ya yi garau nakan hango tsaunukan Alps fari fat daga nesa, amma ban taɓa ɗora ƙafa a kan allon zamiya ba. Ni ɗan Damagaram ne, sanyin da na sani shi ne na hunturu, wanda ake maganinsa da jin wuta da kunu mai zafi. Ƙanin matata ne ya tada maganar. A Grenoble ya yi karatu, can ya kamu da son zamiya kan dusar ƙanƙara. Ya ce bana sai mun kwashi iyali mun yi mako guda a dutse, ya kuma ajiye mini wurare biyu in zaɓa: ko Val Thorens, ko Tignes.

Dukansu a yankin Savoie suke, layin dogo ɗaya ne ma ke kai mutum. Mai zuwa Val Thorens a Moûtiers yake sauka ya hau bas, mai zuwa Tignes sai ya kai ƙarshen layi a Bourg-Saint-Maurice. Shi dai zuciyarsa na Tignes. Ya yi ta ba ni labarin daskararriyar ƙanƙarar Grande Motte, inda keken waya, wato ɗan ɗakin da ke rataye a jikin waya yana hawa da mutane dutse, ke kai mutum tsayin mita 3,456, da yadda Tignes ke haɗe da Val d'Isère, garin da Jean-Claude Killy ya tashi, wanda ya ci zinare uku a gasar Olamfik ta 1968. Har da gangaren Bellevarde, inda aka yi tseren maza a gasar 1992. Yana faɗa idonsa na ƙyalli.

Ni kuwa lamba na duba. Tignes da Val d'Isère a haɗe hanyoyin zamiyarsu kilomita 300 ne. Val Thorens tana cikin Trois Vallées, wato kwari uku, tare da Méribel da Courchevel da Les Menuires, kilomita 600, babu kamarsa a duniya wajen faɗi. Bambancin kuɗin katin hawa keken waya kuma bai taka kara ya karya ba. To Bahaushe da ciniki, idan farashi ya yi kusa ai babban mudu ake ɗauka. Na ce masa magana ta ƙare.

"Yaya, kai da ba ka iya tsayuwa a kai ba, me za ka yi da kilomita 600?"

Na ce ya bar ni da abina.

Uwargida ba ta shiga gardamar ba. Tambaya ɗaya ta yi: daga ƙofar ɗakin da za mu kama zuwa inda yara za su koya, tafiyar minti nawa ce? A lokacin na ga kamar ƙaramar magana ce. Sai da na sa takalmin zamiya na gane. Takalmi ne na roba mai tauri, ya kama ƙwauri tamau, tafiya da shi kamar an ɗaure maka turmi a kowace ƙafa. Ga alluna biyu a kafaɗa, ga sanduna, ga na yaro ɗan shekara shida da ya ce ya gaji tun kafin a fara. A nan Val Thorens ta fisshe ni kunya, don yawancin gidajen a bakin hanyar zamiya aka gina su. Daga inda muke ajiye kaya, taku kaɗan ne sai ƙanƙara. Sa'a ce kawai, ba dabarata ba.

Mun je a hutun makaranta na Fabrairu, daga Asabar zuwa Asabar kamar yadda ake ba da hayar ɗakuna a can. Tashar Moûtiers cike maƙil, kowa da doguwar jakarsa. Bas ya yi kusan awa guda yana nannaɗe dutse. Da muka wuce Les Menuires sai itatuwa suka ƙare, ba komai sai fari.

Abin da ban lissafa ba shi ne tsayi. Val Thorens tana kan mita 2,300, ita ce mafi tsayi a irin waɗannan garuruwa a Turai, kuma a nan za ka kwana, ba hawa za ka yi ka sauko ba. Daren farko kaina ya yi ta sara, barci rabi da rabi, hanci ya bushe kamar tsakiyar hunturu. Hawa bene ɗaya sai haki. Sai a rana ta uku jikina ya saba, da yawan shan ruwa. Da na yi ƙorafi, ƙanin nawa ya tuna mini Tignes ma wajen mita 2,100 take, don haka ko can muka je ban tsira ba. Har tukunya ta san an hau sama: a wannan tsayi ruwa na tafasa a wajen digiri 92, shinkafar da uwargida ta saba saukewa a minti ashirin ta tsaya da tsakiyarta. Girki kuwa mu muka riƙa yi da kanmu da kayan da muka taho da su daga Liyon, don abincin yankin, irin su tartiflette, da naman alade ake yi, narkakken cukunsu na fondue kuma da giya ake haɗa shi. Idan za ka ci a waje, ka tambaya.

Sai maganar katin. Na saya wa kaina na kwari ukun gaba ɗaya, na kwana shida, alhali akwai na Val Thorens kaɗai mai sauƙin kuɗi. Kwana biyun farko ban bar filin 'yan koyo ba, inda wata tabarmar roba mai tafiya ke jan mutum zuwa kan ɗan tudu. Malamar da ke koya mana ta ce in haɗa bakin allunan kamar kan garma idan ina son tsayawa. Na faɗi har na daina ƙirgawa, 'yata tana wuce ni tana ɗaga hannu. Hanyoyin launi huɗu ne: kore na 'yan koyo, shuɗi, ja, sai baƙi na gwanaye. Rana ta biyar na sauko shuɗiya guda, gwiwa na rawa, ina ta salati. Cikin kilomita 600 ɗin nan da na saya, ko goma ban taka ba.

Wanda ya ci moriyar faɗin shi ne ƙanin nawa, wanda bai so zuwa ba. Kullum da safe sai ya ɓace, ya dawo da hotuna: yau daga kan Cime Caron, mita kusan 3,200, ga Mont Blanc, dutse mafi tsayi a Alps, a bayansa, gobe daga Méribel. Wata rana ya yi nisa har Courchevel, ya shagala, saura ƙiris keken waya na ƙarshe ya tashi ya bar shi. Da ya rasa shi, sai dai tasi ta sauko da shi har Moûtiers ta sake hawowa, kuɗin da zai ci rabin guzirinmu. Ya shigo dab da magariba, gemu duk ƙanƙara.

Akwai kuma ranar da hazo ya rufe. Da yake babu itace ko ɗaya, sama da ƙasa suka zama abu guda, ba ka gane tudu balle gangare. Shi ya gangara ɓangaren Méribel inda akwai daji, ya ce cikin itatuwa ana gani. Mu muka zauna ɗaki, na kafa shayi.

A jirgin dawowa ya sake tada maganar Tignes, ya ce baɗi lokacinsa ne. Na ce na yarda, amma katin 'yan koyo zan saya. Uwargida ta ɗago daga wayarta ta ce, "Baban yara, duk inda kuka ga dama ku zaɓa, ni dai a samo mini ƙauyen da ke ƙasa-ƙasa, mai itatuwa, inda shinkafa ke nuna."