Godiya bayan kare aikina na eriya

Alhamdu lillahi, an gama. Na dawo Damagaram daga Yamai, jiki duk ya mutu, har yanzu barci bai ishe ni ba, amma malamai sun karɓi aikin. Aikin karatuna ne na haɗa eriyoyi a jeri, shi na kai Yamai na gabatar musu.

Mutum ɗaya ya ce kada in sa shi a Facebook. Ka yi haƙuri maigida, ba zan iya yin shiru ba. Mai gyaran waya ne a kasuwar Dole, 'yan Zango sun san rumfarsa.

Daren da zan shiga motar asuba zuwa Yamai na ce bari in yi awon ƙarshe. Eriyoyi huɗu ne irin masu buɗaɗɗen baki da ake kira Vivaldi, kowace a kan allonta, an yi su don su ɗauki rezo tun daga mitar gigahaz 2 har zuwa 6. Ƙa'idar ita ce layin da na'urar awo ke nunawa ya zauna ƙasa da -10 dB, wato abin da ke dawowa baya daga ƙarfin da aka tura kada ya kai kashi ɗaya cikin goma. Ina haɗa ta uku sai na ga layi ya haye sama, kusan komai na dawowa. Na cire, na mayar, haka dai. Wallahi gwiwata ta yi sanyi, na zauna a ƙasa na kasa ko kiran Inna. Eriya ɗaya in ta mutu a jeri, sauran ukun ma rezon da suke harbawa ya karkace.

Yayana ne ya ɗauke ni a babur muka buga wa bawan Allah nan ƙofa bayan isha'i, ga kuran an ɗauke. Bai tambayi komai ba. Ya tada ɗan injinsa, ya sa allon ƙarƙashin gilashin da yake duba waya da shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mini da tsinken ashana: dalmar da ta riƙe allurar tsakiyar mahaɗin da ake jona waya da eriyar ce ta tsage, tsaga siririya da ido ba ya gani. Ya kankare, ya sake narka dalma 'yar kaɗan. Na ce ya ƙara don ta riƙe da kyau, ya ce a'a ƙanena, dalma in ta yi tudu ita ma ɓarna ce. Gaskiyarsa, domin hanyar da rezo ke bi a kan allon a aune take daidai, tudu kaɗan sai ya ɓata daidaiton. Muka auna a nan kan tabarmarsa, layi ya sauka. Na miƙa masa kuɗi, ya tura hannuna, ya ce in saya ruwa a hanya.

Allah ya buɗa maka, ya raya maka zuri'a, ya sa hannun nan ya shaide ka da alheri ranar gobe.

Kawu kafinta na Birni, kai ma na gode. Santimita 2.5 na ce tsakanin allo da allo, rabin tsawon zangon igiyar rezo a gigahaz 6, ka tsaga katakon da ke riƙe allunan ba ƙari ba ragi, alhali kana ta tambayata me zai faru in an ɗan buɗa. In tazara ta yi yawa ƙarfi ya tsiyaye ta gefe, Kawu, shi ya sa na matsa maka.

Inna, ke kin san abin da kika sayar aka yi odar allunan nan. Allah ya ba ni ikon share miki hawaye, ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Malamin da ya ara mini na'urarsa, abokan da suka kwana da ni a kan kwamfuta, Allah ya saka muku da Aljanna.

'Yan uwanmu na Yamai kuwa, na kira, na aika saƙo, zauren da na gabatar da aikin ma ba shi da nisa da ku. Na yi ta duban ƙofa. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Juma'a bayan la'asar za a yi addu'a a gida, duk mai hali ya zo.