Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarun da Gamba Ta Ƙaurace Mana

A makon jiya na tsaya ne a kan yadda farin 1984 ya cinye mafi yawan shanun mahaifina. Garke ya farfaɗo a hankali, amma dajin da muke kiwo a cikinsa bai koma yadda muka gaje shi ba.

Lokacin da na fara bin shanu, gamba ce uwar ciyawa a makiyayarmu. Saiwarta tana da zurfi, gindinta ba ya mutuwa da rani, kuma da zarar an yi ruwan farko sai ta tofo tun kafin sauran ciyayi su tsiro daga iri, wato daidai lokacin da shanu suka fi ramewa. Farin 1973 ya raunana ta, na 1984 kuma ya kashe gindinta a wurare da yawa, sannan ɗan abin da ya tsira dabbobi masu yunwa suka yi ta cinye tohonsa har ya ƙare. Ƙarangiya ce ta maye gurbinta. Ban raina ƙarangiya ba, domin shanu suna cin ta tana ɗanya, sai dai rayuwarta damina ɗaya ce, idan ruwa ya yi jinkiri babu abin da za ta ba ka.

Rijiyoyin burtsatse sun ƙara nasu. Da can ƙarancin ruwa ne yake tilasta mana tashi, wurin ya samu hutu. Da ruwa ya samu duk shekara sai garkuna suka zauna, ƙasar da ke kewaye ta daddage, tumfafiya da tafasa da garmani, waɗanda saniya ba ta kula su, suka mamaye ta.

Bayan shekaru, ɗana da ya yi karatun gandun daji ya nuna mini hotunan tauraron ɗan adam da ke nuna cewa yankin Sahel ya ƙara yin kore tun bayan farin 1984, ya ce, "Baba, ai daji ya dawo." Na ce masa hoton bai yi ƙarya ba, amma bai san abin da saniya take ci ba, domin a wurinsa garmani da gamba duk kore ne.

Wannan canji ne ya sa na fara rage shanu ina ƙara awaki, masu iya rayuwa da ganyen sabara da aduwa. Yadda na shawo kan yayyena a kan haka, shi za mu ɗauko a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.