Abin da littafi ke iya yi wa mai damuwa, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Aikina shi ne ba ɗalibai shawara a makarantar gaba da sakandare. Masu zuwa wurina ba kasafai suke buɗe baki su ce ciwon damuwa ke damunsu ba. Abin da nake ji shi ne, "Malam, barci ya gagare ni," ko "Malam, ina karatu amma ba abin da ke zama," ko kuma a taƙaice, "Kaina ne ya yi zafi." Na daɗe ina saka littattafai cikin shawarar da nake ba irin waɗannan yara, ba littattafan jarrabawa ba, waɗanda mutum zai karanta don kansa. A tsawon aikin nan na ƙara yarda cewa karatu na taimakon ƙwaƙwalwa, sai dai ba ta hanyar da aka fi yayatawa ba, kuma ba ga kowa a kowane hali ba.

Babban abin da na ga littafi na yi shi ne katse saƙar zuci. Mai damuwa ba rashin tunani ke damunsa ba, tunanin ne ya yi masa yawa, kuma guda ɗaya ne yake ta juyawa: me ya sa na faɗi haka, me za a ce da ni, ina ma ban yi kaza ba. Susan Nolen-Hoeksema, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta koyar a jami'o'in Stanford da Michigan da Yale a Amurka, ta shafe shekaru tana nazarin wannan ɗabi'a. Ta nuna cewa mutumin da ke zama yana nanata baƙin cikinsa a zuci ya fi daɗewa a cikinsa, kuma ya fi saurin sake faɗawa. Abin da ke rage kaifin hakan shi ne wani aiki da zai riƙe hankali gaba ɗaya na ɗan lokaci. Labari mai kyau haka yake yi. Dole ka riƙe sunayen mutane, ka tuna wanda ya yi wa wani alkawari a baya, ka zana ɗakin da suke ciki a ranka tunda ba hoto aka ba ka ba. Hankalin da ke wannan aiki ba shi da sararin da zai koma kan maganar da aka yi maka jiya.

Ɗalibai kan ce mini ai su ma karatu suke yi a waya, wuni guda ma. Gaskiyarsu, haruffa suke bi. Amma abin da ke zuwa a kafafen sada zumunta gutsure-gutsure ne, kowanne na 'yan daƙiƙu, kuma tsakanin wannan da wancan akwai giɓin da tunanin nan ke samun ƙofar dawowa. Ga shi kuma rabin abin da ake gani rayuwar wasu ce da aka ƙawata, mai damuwa kuwa ba abin da ya fi iyawa kamar auna kansa da wasu ya ga ya gaza. Ba na ce wa kowa ya jefar da wayarsa. Cewa nake yi ya lura da yadda ransa yake bayan rabin awa a can, da yadda yake bayan rabin awa da labari guda mai tsawo, sannan ya yanke wa kansa hukunci.

Abu na biyu ya ɗauke ni lokaci kafin in ga girmansa. Yara da yawa ba su da kalmomin da za su faɗi abin da ke cikinsu. Ka tambayi yarinya me ke damunta, ta ce "ba komai," ba don ɓoyewa ba, don ita kanta ba ta san sunan abin ba. Sai wata rana ta dawo da littafi a hannu, ta buɗe wani shafi, ta ce, "Malam, ka ga wannan matar? To haka nake ji." Daga nan hira ke buɗewa. Magana a kan wata da ke cikin labari ta fi sauƙi a kan magana a kan kai, kuma ta wannan hanya mutum ke gane cewa abin da yake ɗauka shi kaɗai ya taɓa ji, wani ya ji shi har ya rubuta. Kaɗaicin da ke tare da damuwa yana raguwa daga wannan kawai. Masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa a 1826, yana ɗan shekara 20, ya faɗa cikin wani hali da komai ya fita daga ransa, har aikin da aka raine shi a kansa. Cikin abubuwan da ya ce sun dawo masa da ɗanɗanon rayuwa akwai waƙoƙin William Wordsworth da ya karanta a 1828. Mutum ne da aka cika wa kai da ilimi tun yana ƙarami, amma ilimin bai ba shi abin da 'yan baitoci suka ba shi ba.

Asibitoci sun daɗe da sanin wannan. A Amurka, wata ma'aikaciyar laburare baƙar fata, Sadie Peterson Delaney, ta kama aiki a asibitin tsofaffin sojoji da ke Tuskegee a jihar Alabama a 1924, ta yi fiye da shekara 30 tana zaɓar wa marasa lafiya littattafai gwargwadon halin kowannensu, tare da shawarar likitoci. Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne zaɓen. Ba tura mutane laburare kawai take yi ba, sai ta san mutum tukuna.

A zamaninmu an mayar da abin tsari. A yankin Wales na Birtaniya, wani masanin halayyar ɗan Adam, Neil Frude, ya fara wani shiri a birnin Cardiff a 2003, inda likita kan rubuta wa mai ƙaramar damuwa ko fargaba sunan littafi, ya je laburare ya karɓa kamar yadda ake karɓar magani. A 2005 shirin ya game Wales, a 2013 kuma Ingila ta ɗauki irinsa. Littattafan ba labarai ba ne, na koyar da kai ne, masu nuna wa mutum yadda zai kama mummunan tunani ya bincike shi, da yadda zai koma ayyukan da ya bari. Dalilin irin wannan shiri a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970, wato ɗaya cikin takwas a duniya, na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, likitocin fannin kuwa ba su kai ko kusa ba. Amma akwai sharaɗin da masu yaba shirin kan tsallake: hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, karatun da take ba da shawara a kai shi ne wanda wani ma'aikaci ke bibiya, kuma ga damuwar da ba ta yi tsanani ba. Ni ma abin da na gani ke nan. Ɗalibin da na ba littafi na ce "sai ka gama," yawanci ba ya wuce babin farko. Wanda na ce wa "ka karanta shafi goma, ranar Litinin ka zo ka faɗa mini abin da ba ka yarda da shi ba," shi ne ke gamawa. Littafin iri ɗaya ne, sanin cewa akwai mai jiran jin ra'ayinka shi ne bambancin.

Inda na fi yin taka-tsantsan shi ne wanda ciwon ya riga ya danne. Rashin iya tattara hankali na cikin alamomin ciwon damuwa kansa. Irin wannan mutum zai karanta layi ɗaya sau biyar bai san me ya ce ba. Idan ka ɗora masa littafi mai shafi 400, ka ƙara masa wani abin da zai kasa, ya kuma zargi kansa a kai. Wannan cutarwa ce, ko da niyyar alheri aka yi ta. Ga irinsa nakan fara da abu gajere: waƙa guda, labari mai shafi biyu, ko littafin da ya taɓa karantawa yana yaro ya kuma so shi, tunda wanda ka san ƙarshensa ba ya neman ƙarfi da yawa. Wani ma ba karantawa zai yi ba, saurare zai yi. A birnin Liverpool akwai ƙungiyar The Reader, wadda Jane Davis ta kafa, da ke tara mutane a laburare da asibitoci da gidajen yari, wani ya karanta a bayyane, a tsaya a tattauna, wanda ba ya son magana kuma ba a matsa masa. Na gwada kwatankwacin haka da ƙaramin rukuni, na ga yadda wanda bai taɓa cewa uffan ba kan fara da gyaɗa kai, bayan 'yan makonni ya nemi a ba shi ya karanta sakin layi ɗaya.

Akwai alƙaluman da nake jin ana yawo da su, kuma aikin nan ya koya mini in tambayi asalinsu kafin in maimaita. Wanda ya fi shahara shi ne cewa karatun minti shida na rage damuwa da kashi 68 cikin ɗari. Wannan ya fito ne a 2009 daga wani ɗan ƙaramin gwaji da aka yi a Ingila don wani kamfanin kasuwanci, ba a kuma wallafa shi a mujallar da masana ke tantancewa ba. Ba na amfani da shi. Wani binciken Jami'ar Yale ta Amurka na 2016 ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba: an bi mutane sama da 3,600 masu shekara 50 zuwa sama har tsawon shekara 12, aka ga masu karanta littattafai sun fi marasa karantawa daɗewa a duniya da kusan wata 23. Duk da haka bibiya ce aka yi, ba gwaji ba, don haka ba za a rantse cewa littafin ne kaɗai sila ba. Mai lafiya da kwanciyar hankali shi ma ya fi samun damar zama ya yi karatu. Haka batun cewa ƙagaggen labari na ƙara wa mutum fahimtar zukatan mutane. Wani bincike da ya fito a mujallar Science a 2013 ya nuna hakan bayan ɗan gajeren karatu, amma da wasu masana suka maimaita gwajin a 2016 ba su sami sakamako iri ɗaya ba. Ni a ganina abin na nan, sai dai na shekaru ne, ba na zama ɗaya ba.

Batun barci ya fi sauƙin bayani. Wani gwaji da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, aka wallafa a 2015, ya sa mutum 12 sun yi karatu kafin barci, wasu darare a na'ura mai fitar da haske, wasu kuma a littafin takarda. A dararen na'urar, sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci ya ragu, sun ɗauki ƙarin kusan minti goma kafin barci ya ɗauke su, da safe kuma sun tashi a gajiye. Mutanen kaɗan ne, amma ya yi daidai da abin da ɗalibaina ke faɗa. Shi ya sa wanda ya zo da kukan rashin barci nakan ce ya ajiye waya nesa da shimfiɗa, ya ɗauki takarda, ya kuma guji labarin da ke sa zuciya bugawa, don wannan sai ya kai shi asuba.

Ba kowane littafi ne alheri ga kowa ba. Wanda aka yi wa rasuwa, wani labarin mutuwa ke sanyaya masa rai, wani kuma fama masa ciwo yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka nakan gaya wa kowa cewa yana da 'yancin rufe littafi a tsakiya ba tare da jin ya yi laifi ba. Akwai kuma wanda ya mayar da karatu maɓoya: ya daina shiga aji, ya daina amsa kiran 'yan uwa, yana kwance da labari bayan labari. A ido kamar ɗabi'a ce mai kyau, har iyaye kan yi alfahari da ita, alhali gudun mutane ne ya sami sutura. Tambayar da nake yi wa irinsa ita ce ko bayan ya rufe littafin yana jin ƙarfin fita ya yi wani abu, ko kuwa ɗaukar na gaba kawai yake so.

Akwai kuma lokacin da ba na maganar littafi sam. Idan ɗalibi ya ce ya fi mako biyu ba ya jin daɗin komai, abinci ya fita daga ransa, ba ya iya tashi ya yi wanka, ko ya furta cewa gara a ce ba ya duniyar, nakan ajiye duk abin da ke hannuna in ce, "Tashi mu je, yau za ka ga likita." Ba na barinsa ya tafi shi kaɗai, kuma da izininsa nakan kira wani nasa da ya amince da shi. Maganar karatu sai bayan an fara jinya, lokacin da shi da kansa ya ce ya fara iya bin shafi guda har ƙarshensa.