Darussan da na koya a ɗakin zane: tawadar allo da zanen ƙaura

Duk Bahaushen Sudan da ya ce zai zana ƙaura, hannunsa kan kayan gida yake fara sauka: tawadar allo, ƙasar Maiurno (garin da kakanninmu suka kafa a Sudan), zoɓo, tsohuwar takardar tafiyar kaka. Ba abin mamaki ba ne. Wasu kakanninmu sun baro gida bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila na 1903, wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su a Gadarif da Kasala da gonakin audugar Jazira. Sai dai kayan nan su suka fi kashe zane.

Babbar asarar a tawada take. Da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro ake haɗa ta, kuma an yi ta ne don a wanke. Ƙaro ruwa yake jira ya narke, ko bayan shekara. Ɗalibi zai yi wata guda yana jera haruffan ajami a kan ƙyalle, ranar gamawa ya ɗauko buroshi ya shafa man sheƙi mai ruwa, nan take rubutun ya bi buroshin, fuskar tsohuwar da ke ƙarƙashi ta koma toka-toka. Wannan ba ya gyaruwa. Maganinsa feshin kama launi: daga nisan kamar santimita 30, siriri-siriri sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba, a kuma gwada a kan guntun ƙyalle tukuna. Wanda ya fi, a niƙa gawayin a cikin ruwan akirilik (fentin da ba ya narkewa a ruwa idan ya bushe) tun farko, a bar ƙaro ga allo.

Abin da ke ci mini rai shi ne, akwai malaman zanen da suka san wannan sarai amma ba sa faɗa. Su dai a cika musu zane da raƙumi da ayari, wai shi ne "Fallata", sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a Sudan. Ibrahim El-Salahi, mai zane ɗan Omdurman, ya girma a gidan malami, ya farfasa harafin Larabci ya fitar da siffofi daga cikinsa, har Tate Modern ta Landan ta baje aikinsa a 2013. Asali ba sai da raƙumi ba. Ayar Alƙur'ani kuwa a kiyaye sa ta a ƙyallen da za a jingine a ƙasa.

Baƙar ƙasar Jazira tsagewa take idan ta bushe, a gona ko a zane, gara yashi wankakke da aka tankaɗe. Jan zoɓo baƙon launi ne, rana na ganinsa zai koɗe. Takardar kaka a cire mata ƙusar ƙarfe don tsatsa, ko a manna kwafinta.

Tun yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 zanen ma ƙaura yake yi. A naɗe shi a kan bututu mai faɗi, fentin yana kallon waje, ba tare da jarida ko leda a jikinsa ba, don akirilik laushi yake yi a zafin mota ya manne da su.