Ku kwantar da ƙwaron rigingine ku dubi ƙafafunsa

Ƙannena masu karatun ilimin ƙwari, a shekarata ta ƙarshe a jami'a na tara ƙwari sama da ɗari daga kwandunan kifi banda da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi, na jera su a akwati, na rubuta musu suna ɗaya, domin dukkansu shuɗaye ne masu sheƙi kuma tsawonsu bai wuce milimita 4 zuwa 7 ba. Malamin da ke duba aikina ya ɗauki uku da ɗan hantsaki, ya juya su rigingine ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sannan ya tambaye ni ƙafafu nawa na duba kafin in yi rubutun. Gaskiya ban duba ko ɗaya ba.

Waɗannan ƙwari 'yan gidan Cleridae ne, daga jinsin Necrobia, kuma uku daga cikinsu ne suka fi rikita mai koyo. Necrobia rufipes, wanda a cikin ukun shi ne ya fi addabar busasshen kifi a ƙasashenmu, bayansa shuɗi ne mai ratsin kore, amma ƙafafunsa ja ne, haka ma gindin ƙahonninsa na ji. Necrobia violacea shuɗi ne tun daga kai har ƙasa, ƙafafunsa da ƙahonninsa duk masu duhu. Idan daga sama kawai aka kalle su, sai a rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, musamman da yake ƙwaron da ya mutu yakan naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin ciki. Na ukun, Necrobia ruficollis, ya fi sauƙin ganewa, saboda garkuwar da ke bayan kansa da kafaɗun murfin fiffikensa jajaye ne. Shi ne ma ƙwaron da masanin Faransa Pierre André Latreille ya tsinta a kurkukun Bordeaux lokacin juyin juya halin ƙasar, wanda ya zama sanadin sakinsa.

Bayan wannan kunyar sai na faɗa wani kuskuren, wanda ya fi na farkon ɓata mini lokaci. Na koma na juya ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, na ware kusan ashirin da ƙafafunsu suka yi duhu, na fara murnar cewa na samo violacea a cikin banda. Ashe man kifi ne da toka da ƙurar hayaƙi suka daskare a ƙafafun. Da na jiƙa ɗaya a ruwan ɗumi mai ɗan sabulu, na goge da siririn burushi, na bar shi ya bushe, sai jan ya fito sarai. Na wanke sauran, kusan dukkansu rufipes ne. Saboda haka duk ƙwaron da kuka ciro daga abu mai maiƙo, ku wanke shi tukuna, kuma ku duba shi da hasken rana a bakin taga, domin jan ƙwan lantarki yana sauya launi, har shuɗi ya koma kamar kore.

Ku miƙe ƙafafu da ƙahonni tun ƙwaron yana da laushi, kafin ya bushe a kan allura, domin idan ya bushe suna karyewa da an taɓa su, kuma ni na rasa samfura da dama ta wannan hanyar. Girma kuwa kada ku dogara da shi, tunda abin da tsutsar ta samu ta ci yana sauya girman babban ƙwaro ko a cikin nau'i ɗaya.

A kwandon da kuka sami Necrobia za ku tarar da Dermestes maculatus, wanda ba ɗan gidan ba ne ko kaɗan. Ya fi girma, bayansa baƙi-baƙi ne marar sheƙi, cikinsa kuma lulluɓe da farin gashi. Ku ba shi kwalbarsa daban tun a kasuwa, ku rubuta rana da wuri da irin kifin da fensir a 'yar takarda, ku jefa ta cikin kwalbar.